Ranar da Obed Ya Ƙetare Kan Surukarsa

Ranar wata Talata da hantsi Obed Tavue ya wuce ta saman kan surukarsa ba wando a jikinsa, yana kwaɗa mata kira da sunanta, a gaban Turawa tara da kare ɗaya.

Yadda abin ya faru kuwa, ya kawo baƙinsa shuɗin tafkin nan da ke ƙasan ƙauyenmu, kamar yadda ya saba sau uku ko huɗu a mako. Ya ajiye motar a gindin ceɗiya, ya yanka musu gwanda da abarba a kan ganyen ayaba. A reshen ceɗiyar akwai igiyar lilo da ya ɗaura da hannunsa, mutum zai kama ta daga kan tudu, ya yi shillo har tsakiyar ruwa, ya saki. Obed ba ya hawa. Nasa shi ne tsayawa a gefe da tumbinsa yana ba da umarni: kama nan, naɗe ƙafa, kar ka saki sai na ce. To ranar cikin baƙin akwai wata tsohuwar Baturiya mai faffaɗar hula. Ta faɗa ruwan sau biyu ta fito, sannan ta tambaye shi ko shi ma ya taɓa gwadawa, ko dai a baki kawai ya iya. Mutum ne mai shekara hamsin da biyu, da jikoki uku, da gwiwar da ke sanar da shi zuwan hadari tun kafin rediyo. Sai ya tuɓe riga.

Gajeren wandon da ke jikinsa tun bara robarsa ta mutu, matarsa Enet ta ce ya jefar har ta gaji. Yana dira daga tudun wani guntun reshe ya kama gefen wandon ya riƙe, shi kuma Obed ya yi gaba. Wannan kaɗai da sauƙi, da ya saki igiyar ruwa ya rufa masa asiri. Amma daidai lokacin kwalekwalen Vosale, uwar Enet, ya ɓullo daga ƙarƙashin kurmin da ya rufe bakin rafi. Ta ɗoro gwaza daga gona, tsohon karenta Kyaftin na zaune a gaba, ta nufo daidai inda zai faɗa. Obed ya haura kilo ɗari. In ya saki, da shi da tsohuwa da kare da gwaza duk a ƙasan ruwa za su haɗu. Sai ya ƙanƙame igiyar ya buɗe baki.

"Vosale! Kauce!"

Ba ta kauce ba. Ɗaga kai ta yi. Ya wuce ta samanta, igiya ta dawo da shi ya sake wucewa, a na uku hannunsa ya gaza ya faɗa gefe kamar an jefa buhun kwakwa. Turawa suka ɗauka cikin shirin ne, suka yi ta tafi, wayoyi a sama.

Duk wanda ya tashi a wannan ɓangare na tsibirin Santo ya san abu uku da namiji ba ya yi wa uwar matarsa. Ba ya ambatar sunanta, ba ya yi mata magana kai tsaye, kuma kansa ba ya zama sama da nata. Na huɗun kakanninmu ba su sa shi a jerin ba, don ba su zaci akwai ranar da za a buƙace shi ba. Obed ya haɗa duka huɗun cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

Vosale ta tuƙa kwalekwalenta zuwa gaɓa ba gaggawa, ta sauke gwazarta, ta dubi karen.

"Mu je gida, Kyaftin. Yau na ga abin da 'yata take haƙuri da shi shekara ashirin da shida."

Shi kuwa ya zauna cikin ruwa iya wuya har sai da Baturiyar mai hula ta miƙo masa wandon a bakin sanda.

Washegari da safe aka tarar da ganyen namele biyu an gicciya su an ɗaure a ƙyauren hanyar tafkin. Wanda ya ga wannan ganye ba ya neman bayani: ba shiga, ko kai wane ne, sai wanda ya ɗaura ya kwance da hannunsa. Tafkin kuwa na Vosale ne, ƙasar marigayi mijinta ce, kuma Ruwan Vosale kowa ke ce masa a ƙauyen nan. Kowa ban da mutum ɗaya.

Mu da shingen furanni kaɗai ya raba gidanmu da nasa mun san Obed tun yana yawo da majina. Shi ne na shida cikin 'ya'ya tara. Makaranta a aji huɗu ya ajiye ta, ya ce shi ƙarar inji ta fi shiga masa kai. Ya bi babbar motar ɗaukar busasshiyar kwakwa yana lodi, har direban ya tsufa ya bar masa sitiyari, ya yi shekara goma sha biyar yana kai kaya garin Kanal yana dawowa da warin kwakwa a gashinsa. Daga baya ya je New Zealand tsinkar tuffa har sau uku. Abin da ya dawo da shi shi ne ƙiyayyar sanyi, da wata rigar ulu da har yau yake sawa coci yana zufa, da kuɗin tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Ya kai ta wajen mai walda aka kafa mata benci biyu a baya da rumfar tamfol, ya shafe ta da koren fenti irin na allon makaranta, ya shiga ɗaukar 'yan yawon buɗe ido.

Hanyar tasa ba ta canzawa. Daga Kanal ya sauka daga kwalta ya shiga gonakin kwakwa inda shanu ke kiwo, ƙyaure shida, kowanne sai ya sauka ya buɗe ya wuce ya sauka ya rufe, don Bature in ka ce ya rufe ƙyaure sai ya tsaya ɗaukar saniya hoto. Sai tsohon filin jirgin saman da Amurkawa suka bari tun yaƙin duniya na biyu, wanda ciyawa ta cinye, sai hawan tudu a giya ɗaya inda laka ke kaiwa rabin taya, sai tsallake rafi, sai tafki. Awa uku cur na jijjiga da ƙudan shanu. Kuma Obed ya fi kowa sanin ba don shanun ake biyo shi ba. Hoton shuɗin ruwan nan suka gani, shi suke jimre wa ciwon ƙugu dominsa.

Awa ukun nan da baki yake cika su. Ceɗiyar bakin tafki ran Litinin shekararta dubu, in baƙin masu fara'a ne ta kai dubu biyu. Wani ƙarfe mai tsatsa da ke kwance a gefen filin jirgin fuka-fukin jirgin yaƙi ne. Kowane tsuntsu da ya gifta, a nan kaɗai ake samunsa a duniya. In kuwa ya hango Vosale tana tafe a kan hanya, da yake mazaunin direba ya fi kanta tsawo, sai ya taka birki ya sauko ya tsuguna a gindin taya har ta wuce, ya ce wa baƙi iska yake dubawa. Akwai Turawa da yawa da suka koma ƙasarsu suna yabon yadda yake kula da taya.

Inda ya fi shan wahala shi ne sunan tafkin. Ba Baturen da zai zo bai tambaya ba, shi kuma harshensa ba zai iya ɗaukar sunan ba. Da farko ya riƙa yin kamar bai ji ba, ko ya tayar da tari. Da ya gaji, wata rana ya ce sunansa Idon Gimbiya. Suka ce wace gimbiya. Nan take ya haifa musu 'yar wani sarki da masoyinta ya tafi teku bai dawo ba, ta zauna a nan tana kuka har ramin ya cika. Wata Baturiya ta share hawaye. Tun daga ranar gimbiya ta zauna, shekara bakwai tana ƙara kyau da tsawon gashi a bakin Obed, kuma a ransa yana ganin ladabi ne ya yi wa surukarsa wanda ba kowane suruki zai iya ba.

To yanzu ga ganye a ƙyaure.

Kwana biyun farko ya kai baƙi bakin teku. Suka ce ai teku na nan a ƙofar otal ɗinsu. Ya kai na gaba wurin tsallake rafi, ya rantse musu ruwan yana maganin ciwon gaɓoɓi. Suna cikin wanka wata saniya ta shigo daga sama ta tsaya ta yi abin da saniya ke yi, abin ya biyo ruwa ya wuce ta gaban wani mutum mai gilashin ninƙaya. Da yamma matar ofishin da ke turo masa baƙi daga Kanal ta kira shi. Ta ce babban jirgin ruwan 'yan shaƙatawa zai tsaya ranar Asabar ta sama, mota uku take buƙata, in tafkinsa bai buɗe ba kafin ranar za ta ba wani direba da ke da nasa tafkin can arewa, kuma in ta ba shi ta ba shi ke nan. Obed ya ce mata ƙaramin gyara ake yi. Ta ce ta ga gyaran a waya, ya yi kyau.

Ashe kowa ya gani. Daga wayar Turawa ya shiga ta 'yan otal, daga nan ya kewaye tsibirin, har 'yan uwanmu da ke tsinkar tuffa a ƙetare suka turo gaisuwa. In Obed ya wuce ta kasuwar bakin hanya sai mata su dafe kai su sunkuya. A wurin shan kava, jiƙon saiwar nan da maza ke taruwa su sha da yamma, mutum zai miƙa masa ƙoƙo ya tambaye shi cikin natsuwa ko ya ɗaure da kyau yau. Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan Adamu da ganyen ɓaure, ya rantse daga baya cewa karatun ranar ne ya zo a haka. Obed bai yi dariya ko sau ɗaya ba. Abin da ke cinsa, ya ce wa Enet, shi ne shi fa ceton ran tsohuwar ya yi. Da ya yi shiru don ladabi da yanzu ana zaman makoki. Enet ta ce da ya jefar da wandon da yanzu ana zaman lafiya.

Ya bi hanyar da aka saba. Ya aiki Enet da farin zakara da sabuwar tabarma da saiwar kava. Kafin ta gama wanke ƙafa an dawo da su. Ya kwance aladen da yake kiwo don auren ɗansa, wanda haƙorinsa har ya fara lanƙwasa, aka ja shi zuwa gidan tsohuwa. Ya kwana biyu a can, Obed har ya fara wanke mota, a rana ta uku aka dawo da shi da saƙon cewa ci ne da shi kamar mai shi. Ya je wajen Moli Vira, dattijon ƙauye, ya zauna ya zayyana masa komai. Dattijo ya saurara kai a sunkuye, kafaɗunsa na rawa, daga ƙarshe ya share ido ya ce ganye dai ba shi ya ɗaura ba, kuma shi a shekarunsa ba zai shiga tsakanin Vosale da abin da ta gani ba.

Ranar Laraba, saura kwana uku jirgi, Enet ta ce ta gama zirga-zirga. Uwarta ce, mijinta ne, ƙafarta kuma guda biyu ce. In yana son tafki ya tafi da kansa.

Da safiyar Alhamis ya sa dogon wando, ya ɗaure shi da bel, ya ƙara da igiya, ya tafi. Ya tarar da Vosale a ƙofar ɗakin girkinta tana gurza ɗanyar ayaba za ta yi laplap, abincinmu da ake gasawa cikin ganye. Tana da kujera, kowa ya san tana da kujera, amma ranar a ƙasa ta zauna dirshan a kan tabarma. Ita kuwa 'yar ƙaramar mace ce. Obed ya tsuguna, ya ga har yanzu ya fi ta tsawo. Ya zauna, bai isa ba. Sai da ya kishingiɗa a kan gwiwar hannu cikin ƙasar da kaji suka gama tonawa, tumbi a gefe, sannan kansa ya sauka ƙasa da nata. Kyaftin na kwance tsakaninsu yana cizon ƙuma.

"Kyaftin," in ji Obed, "ka gaya wa masu gidan nan na zo neman afuwa."

"Kyaftin, tambaye shi afuwar me."

Ya lissafa wa karen laifukansa ɗaya bayan ɗaya, a na wandon muryarsa ta shige ciki. Vosale ba ta daina gurza ba. Ta shaida wa Kyaftin cewa 'ya'ya maza huɗu ta yi raino, ba abin da ta gani ranar da ba ta taɓa gani ba, sai dai ba ta taɓa ganinsa yana shawagi a sama ba. Ƙetare kai kuwa igiya ce ta yi, igiya ba ta da suruka. Kiran suna ma ta ji, don kar ya fasa mata kai ya yi, duk da ta fi shi sanin inda kwalekwalenta zai bi tun kafin a haife shi. Zakara ɗaya ya ishi wannan duka.

Obed ya ɗago kai, ya tuna, ya mayar.

Ta ajiye ayabar. Ta ce a yammacin ranar matar fasto ta kawo mata waya don ta ga kanta a ciki. Ta gani, ta yi kyau. Amma akwai rubutu a ƙasa, ta ce a karanta mata, aka karanta: Idon Gimbiya. Ta ce ina ne nan. Matar fasto ta taɓa wayar, sai ga hotuna ba iyaka, duk ruwanta ne, duk ceɗiyarta ce, duk Idon Gimbiya, da labarin wata 'yar sarki mai kuka.

"Kyaftin, bayan babbar guguwa ramin nan cike yake da itatuwa da laka da mushen shanu. Rani biyu muka yi ni da mijina muna jan gungume da igiya, ina da cikin matar wannan da ke kwance. Yatsana wannan a can ya karye. Ka tambaye shi, gimbiyar tana ina lokacin? Ni kuka ɗaya na taɓa yi a bakin ruwan nan, ranar da ƙaguwa ta kama ni. Shekara bakwai yana kawo mutane daga ƙarshen duniya su yi wanka a ruwana su tafi da sunan wata. Rana ɗaya tak da ya faɗi nawa, tsirara ya faɗe shi."

Nan haƙurin Obed ya ƙare. Daga kwancen ya nuna karen da yatsa.

"Kai Kyaftin, tsakaninka da Allah, yaya ake so in yi? In faɗa, laifi. In ƙi faɗa, laifi. Shekara bakwai ina tsugunne a gindin taya kamar mai zawo, gwiwata ta lalace, duk don girmamawa. Bature ya tsare ni da ido yana cewa mene ne sunan wurin nan, in ce masa me? In ce ya je ya tambayi kare?"

Kyaftin ya tashi ya koma inuwa.

Vosale ta ce wa wurin da karen ya bari, ai abin mai sauƙi ne. In mai mota ba shi da bakin faɗa, sai mai baki ya shiga motar. Obed ya ce wa ƙasa Enet na da rumfarta a kasuwa, yaran duk suna Kanal, wa zai ɗauka. Ta ɗauki ayabarta ta ci gaba da gurza.

"Ni dai ba ni da surukar da ta hana ni kiran sunana."

Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya ce hanya ba kyau, ta ce da ƙafa take binta. Ya ce Turanci ake yi, ta ce shekara shida ta yi tana aiki a gidan Bature mai gonar kwakwa tun yana tsumma. Ya ce zai sa a rubuta allo da sunan, babba, da jan fenti. Ta ce allo ba ya hana mutum ƙarya. Ganye zai sauka ranar da ta isa ƙyauren a cikin mota, ba kafin nan ba.

Juma'a gaba ɗaya a kan wurin zama ta ƙare. Gaba kusa da shi ba zai yiwu ba. Bencin baya kuma da aka auna da igiya, Vosale a zaune shi a zaune, Enet na tsakiya tana awo tana dariya, kansa ya fi nata da kamu ɗaya. Dole ya ɗauko kujerarsa ta katako mai hannu, wadda yake hutawa a kai da yamma, ya ɗora ta a kan akwatin kayan gyara daidai bayan kan motar, ya ɗaure da kusoshi da igiya, ya yanke tamfol ya ɗaga shi sama, ya kafa lema. Duk ƙauyen ya fito ba da shawara. Obed ya buge yatsa da guduma sau biyu.

Ranar Asabar Vosale ta fito cikin doguwar rigarta ta coci mai furanni, aka ɗaga ta aka ɗora, Kyaftin ya haye ya kwanta a ƙafarta. Haka suka shiga Kanal har bakin tashar jirgi. Baƙi goma suka hau, kowa ya gaishe ta kafin ya zauna, wasu har da rusunawa, don sun ɗauka wata babba ce a gwamnati.

Akwai 'yar taga tsakanin direba da baya, ta nan Obed ke jefa bayaninsa. Sun shiga gonar kwakwa ya fara, ta ƙyale shi. A filin jirgi ya rage gudu ya nuna ƙarfen ya ce fuka-fukin jirgin yaƙi ne. Daga sama aka ji murya, da Turancinta na gidan Bature, tana gaya wa kare cewa wannan murhun busar da kwakwa ne na mijinta, guguwa ce ta kawo shi nan, in ana so za ta nuna inda ya ƙona hannu. Baƙi suka fashe da dariya. Ya nuna tsuntsu, ta ce wannan mai cin gwandarta ne, akwai dubunsa a bayan coci. Kafin su kai tudu ba mai sunkuyowa wajen tagar. Duk sun juya sama suna tambayarta, tana gaya musu ganyen da ake sa wa ciwon ciki, da gonar wa ke nan, da wanda ya saci saniyar wa a shekarar da aka samu 'yancin kai. Obed ya sauka ya buɗe ƙyaure, ya sauka ya rufe, ya sa giya ɗaya, ya tsallake rafi, baki a rufe kamar an ɗinke.

A ƙyauren ƙarshe ya tsaya ya sauko ya tsuguna. Turawa biyu suka sauko da ita. Ta taka a hankali ta kwance ganyen, ta naɗe shi ta sa a jakarta, ba ta yar ba, kuma ta tabbatar ya ga ba ta yar ba. A bakin ruwa ta tsaya ta faɗa musu sunan wurin, ta sa suka maimaita sau uku kamar 'yan aji ɗaya, har wani mai gemu da ya ce Bosali ta sa shi ya sake. Obed na can bayan mota yana yanka gwanda, yana jin sunan da bai isa ya faɗa ba yana tashi daga baki goma.

Ya samu tafkinsa. Matar ofis ta kira da yamma ta ce baƙin jirgi ba su yi maganar kowace mota ba sai tasa, ta ƙara masa kwana biyu a mako. Sai dai ta ce duk wanda ya kira yanzu motar mai kaka yake nema, don haka kar ya kuskura ya zo ba ita. Obed ya ce ai na rana ɗaya ne. Litinin da asuba ya fito ya tarar da ita a kan kujerarsa, lema a buɗe, kare a ƙafa.

Wata biyar ke nan. Kujerar ba ta sauko ba, da yamma a kan bokiti yake zama. Ceɗiya ta dawo shekara tamanin, don kakan Enet ne ya dasa ta. Mutumin da a da in ya fara magana sai inji ya mutu yake tsayawa, yanzu aikinsa ƙyaure da giya da yankan gwanda, in Bature ya tambaye shi wani abu sai ya nuna sama da babban yatsa. Ta hana shi rediyo a mota. Ta ce wa Kyaftin ana taka birki kamar ana kashe kunama. Ranar da ya makara da minti goma, a gaban baƙi ta tambayi karen ko a gidan wasu agogo ado ne.

Shekaranjiya da la'asar yana wanke laka a jikin taya, muna zaune ta wannan gefen shinge, sai ga Enet ta dawo daga gidan uwarta hannunta duk man kwakwa, ta je yi mata tausa. Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu. Ta ce Mama ta ce ƙugunta zai rabu biyu. Ta ce shekara bakwai yana bin hanyar nan, ya san kowane rami kamar ɗakinsa, da ido a rufe yake kauce musu, amma yanzu daga filin jirgi zuwa rafi ba wanda yake tsallakewa, har na gefen hanya sai ya je ya same shi.

"Obed, ka dube ni. Da gangan kake yi ko ba da gangan ba?"

Ya matse tsumman a hankali, ya shanya shi a kan madubi.

"Al'ada ce ta ce kanta ya kasance sama da nawa. Ni kuwa mai biyayya ne, Enet. Duk ramin da na samu, ƙara mata sama nake yi."